Gwangwanin Fil na Inno

A watannin nan da ɗari ke sa mutum ya yi alwala yana cije baki, kafin rana ta leƙo Inno ta riga ta share ajin ƙananan yara, ta cika butoci, ta tsaya a bakin ƙofar makarantar firamarenmu ta nan Maiyama. Shekara ashirin da shida tana wannan tsayuwa. A takarda, sunan aikinta mai shara.

Haliru mai kabu-kabu, wanda ke jigilar yara, shi zai ba ka labarin sauran aikin. Bai isa ya tayar da babur ba sai Inno ta zagayo ta cusa jelar ƙyallen wuyan yaro cikin riga, ta naɗe hijabin da ke lilo kusa da taya. "In ina sauri har haushi nika ji," in ji shi, "amma wallahi tayata ba ta taɓa cin tufan ɗan kowa ba."

Da hantsi kuma, in rana ta fara cizo, sai ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana rage musu kaya. Domin mu iyayen yanzu, Allah ya shirye mu, yadda muke naɗe yaro da safe sai ka ce albasar Aliero: riga kan riga, suwaita biyu, wando cikin wando, safa har a hannu.

A nan ne ta yi karo da Raihanatu. Raihanatun ce ma ta roƙe ni in rubuta wannan, ta ce kada in rufa mata komai.

Raihanatu ta taɓa binne ɗa. Ciwon haƙarƙari ne ya ɗauke mata ɗan farinta cikin wani ɗari, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Da 'yarta Balkisu ta shiga makaranta tana shekara biyar, tulin kayan bai ishe ta ba. Sai ta riƙa haɗa suwaita da riga da wando ta soke su da fil biyu ta baya, daidai inda hannun yarinya ba ya kaiwa, wai kada iska ta sami hanya. Kullum Inno ta zare fil ɗin ta jefa a wani gwangwanin madara. Kullum Raihanatu ta sayi wasu. Sau biyu Inno ta tare ta da maganar, ko tsayawa ba ta yi ba.

Ranar taron iyaye da malamai Raihanatu ta miƙe a gaban jama'a ta wanke tsohuwar tas. "Wa yas sa ki? Tsintsiya anka ba ki, ba ɗiyata ba! Ke kin san zafin binne ɗa?"

Inno gefen zanenta kawai take murzawa. Iyayen da ta share wa 'ya'yansu majina shekara da shekaru, har da ni mai wannan rubutu, muka sunkuyar da kai. Hedimasta ya ga abin zai yi girma, ya ce daga yau in Inno ta ƙara taɓa kayan Balkisu a bakin aikinta.

Kwana uku bayan nan Balkisu ta daina shan koko da safe. Ruwa ma in an miƙa mata sai ta kau da kai. Uwar ta ɗauka ciwo ne ke tafe, ta ƙara mata suwaita.

Wata Laraba hankalin Raihanatu ya ƙi kwanciya, ta bi Balkisu makaranta tun ba a tashi ba. Ba ta gan ta a aji ba. A bayan ɗakin ajiya ta same su: wanduna biyu da suwaita a shanye kan dangar kara, Balkisu a naɗe cikin mayafin Inno tana zaune a cinyarta, ita kuwa tsohuwar daga ita sai 'yar riga.

Inno ta ɗago. "Uwar Balki, kak ki yi mata hwaɗa. Ba ta iya kwancewa in za ta makewayi. Ranar hwarko haka ta wuni da jiƙaƙƙen wando cikin ɗarin ga, yara na yi mata dariya. Na ce gara a kore ni."

Ta ɗaga mayafin ta nuna mata bayan yarinyar. Ƙurajen zufa birjik, ga kuma wani dogon karce inda fil ya buɗe ya soke ta. Ashe tsoron fitsari ne ya hana ta shan koko. Ashe kullum tsohuwar nan sai ta wanke, ta shanya, ta mayar mata da kayan, ta soke fil ɗin yadda ta same su, don kada a gane a gida.

Raihanatu ta ce da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige. Sanyin da take yi wa 'yarta gudu, ita da hannunta ta ɗaure mata shi a jiki. Ta durƙusa a nan ƙasa ta ce, "Inna, ki yahe min." Inno ta ce, "Tashi, ɗiyata, tsoro yas sa ki. Na san shi." Sai a hanyar gida Haliru ya gaya wa Raihanatu cewa Inno ta binne 'ya'ya uku a Mungadi kafin ta dawo Maiyama. Ta yi kuka har ƙofar gida.

Inno, ke ce aka ci wa mutunci a bainar jama'a kika rama da wankin wando. Ke ce kika san amsar da za ta kashe bakin mai zaginki, kika haɗiye ta don kada ki fama mata ciwo. Uwar 'ya'yan wasu, mun ji kunyarki, kuma mun makara wajen faɗa.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi mata sallamar ritaya. Raihanatu ta nemi a ba ta dama, ta tsaya daidai inda ta tsaya wancan karon, ta ba da labarin nan da bakinta. Da ta gama, Inno ta ɗauko gwangwanin ta juye a kan tebur. Fil ne tuli, wasu har sun yi tsatsa.

"Ba na Raihanatu ba na ita kaɗai," ta ce tana dariya. "Kowa ya zo ya ɗauki nashi."

Babu wanda ya motsa.

Mun gode, Inno. Allah ya lulluɓe ki da rahama yadda kika lulluɓe 'ya'yanmu da mayafinki. Malamai da masu aikin makaranta, ga gurbi nan an bari, a samu mai tsayawa. Mu kuma iyaye, gobe da safe kafin mu ɗaure wa yaro abin da hannunsa ba zai iya kwancewa ba, mu tuna Inno ba ta bakin ƙofa.