Kaskon Iya da Ɗakin Mai

Na shiga sana'ar sai da man fetur a shekarar da idon maigidana ya fara gazawa. Direba ne, yana jan mato tsakanin Gure da kasuwannin ƙauye har zuwa Bune. Da likita ya ce ya bar tuƙi, ya dawo gida ya zauna, ba abin da ya rage mana sai mutanen da ya sani a hanya. Ɗaya daga cikinsu, wani dogon mutum mai shigo da mai daga Najeriya ta hanyar daji, ya zo gaishe shi, ya ga halin da muke ciki. Ya ce in an yarda zai riƙa sauke mana 'yan bidoji, wato jarkokin mai, mu sayar kwalba-kwalba. Maigida ya ce shi yanzu ko bakin kwalba ba ya gani, balle ya zuba. Na ce ni ina gani.

Haka na kafa teburi a ƙofar gida, da kwalabe, da mazurari, da tiyo, da ƙyallen tacewa. Ban san wata mace a unguwarmu mai wannan sana'a ba. Da farko 'yan kabu-kabu sukan tsaya su tambaya ina mai teburin, in ce ga ni, su yi dariya. Daga baya suka saba. Tukunya ta ci gaba da hawa murhu, yara ba su bar lakkal ba, wato makaranta, ni kuwa warin mai ya kama zannuwana har sabulu ya daina fitar da shi.

Gidan da muke ciki na mahaifina ne. Mun dawo cikinsa bayan rasuwarsa don mu zauna da Iya, mahaifiyata. Ɗakin Baba yana can ƙarshen gida, ginin ƙasa mai kauri, da ƙofar ƙarfe da 'yar taga ɗaya a sama. Shi ya fi sanyi, shi ya fi nisa da madafi, saboda haka nan na zuba bidojin, na sa kwaɗo, na ɗaura makullin a bakin zanena.

Iya Babarbariya ce, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin magariba ta yi ba tare da ta ɗebi garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya ba. Ɗakin Baba take fara shiga. Bayan rasuwarsa ta daina shiga can, shi ya sa ban kawo komai a raina ba lokacin da na mayar da shi ɗakin mai.

Ruɗewar tsufa ta zo mata a hankali. Ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Sai ta koma tambaya ko Malam ya dawo daga garka, wato Baba, da garkarsa ta cikin kwari da aka sayar tuntuni. Wata ranar da magariba na shigo da teburi daga waje, na ga hayaƙi yana tashi a ƙarshen gida. Iya ce tsaye a ƙofar ɗakin mai, kasko a hannunta, tana tura ƙofar da ƙafa.

Na ce, "Iya, me kike nema nan?"

Ta ce, "Wa ya rufe ɗakin Malam? Buɗe in sa turare, yanzu zai shigo."

Na karɓi kaskon na yi nesa da shi, sannan na ce mata Baba ai ya rasu. Ta dube ni, ta zauna a ƙasa, ta yi kuka irin na wadda yanzu aka kawo mata labari. Ban sake faɗa mata haka ba. Daga ranar sai in ce Malam ne ya ce a bar masa ɗakinsa a rufe, ta yi ƙunƙuni ta wuce.

Na ɓoye kaskon. Ta ɗauki murfin tukunya. Na ɓoye duk abin da zai iya ɗaukar garwashi, ta samo sakaina a bayan gida. Na koma kashe wutar girki da ruwa da zarar an sauke abinci, sai ta riƙa fita ta ɗebo a maƙwabta. Tsohuwar da ke manta ta ci abinci ba ta taɓa manta wannan ba.

Dole na shiga wurin maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, wadda muka tashi tare, na roƙe ta ta daina ba Iya wuta.

Ta ce, "Haba, ƙawata, Iya za ta shigo ta ce in ba ta garwashi in hana ta? Da wane baki?"

Sai na faɗa mata abin da ke cikin ɗakin. Ta san ina sai da mai, kowa ya sani, amma ba ta taɓa tambayar inda yake kwana ba. Ta juya ta dubi katangar da ke bayan murhunta, ta daɗe tana dubanta.

Ta ce, "Wannan bangon ne?"

Na ce shi ne.

Washegari na ji ana jan duwatsu, ta mayar da murhunta ɗaya gefen gidan. 'Ya'yanta suka daina shigowa wasa wurinmu. Muna gaisawa a hanya, amma gaisuwar ba ta wuce lafiya lau.

Da bazara ta kama, ɗakin ya daina sanyi. Bidojin suka riƙa kumbura kamar cikin akuyar da ta ci ta ƙoshi, in na sassauta murfi sai su yi huci. Warin ya fito tsakar gida, ya shiga randa, ya shiga tuwo. Maigida, da idonsa ya tafi hancinsa da kunnensa suka ƙaru, ya jawo tabarmarsa ya shimfiɗa a kan hanyar ɗakin. Nan yake wuni. In ya ji jan takalmin Iya sai ya ɗaga kai ya shaƙi iska.

Wani lokaci ina waje sai in ji ya kira ni, ba da ƙarfi ba. "Zo ki duba. Ina jin garwashi." Sau da yawa ba komai, hayaƙin wani gida ne. Wani lokaci kuwa da gaske ne.

Ya ce mini in bar sana'ar. Na tambaye shi in bar ta in kama me. Mun yi wannan maganar fiye da sau ɗaya, kullum nan take tsayawa.

Cikin wannan zafin ne dogon mutumin ya zo da kaya fiye da yadda ya saba. Ya ce 'yan duwan, masu kama kayan fasa-ƙwauri, sun tsananta a hanya, zai ɗan ɓace, bai san ranar dawowa ba. "Hajiya, ki karɓa duka. Mai zai yi wuya a garin nan, za ki gode mini." Na karɓa. Ɗakin ya cika har bakin ƙofa, sai wata 'yar hanya a tsakiya da mutum ɗaya zai bi.

Abin ya faru ranar kasuwa, bayan azahar. An yi rasuwa a dangin maigida, wani ya zo ya ja shi zuwa jana'iza. Yara suna lakkal. Iya tana barci a inuwar bedi, na duba ta da kaina, har da minshari. Kwalaben teburi sun ƙare, sai na buɗe ɗakin, na bar ƙofar a buɗe don haske da iska, na ɗora bido ɗaya a kan wani, na ja tiyo da baki, mai ya fara zuba cikin roba. Daga robar nake cika kwalabe.

Na ji ana danna ƙahon moto, wato babur, a waje ba ƙaƙƙautawa. Na ɗauki kwalba biyu na fita, da niyyar in zuba in dawo. Wani mutum ne daga wajen Gamu, ya goyo matarsa a baya, ta jingina da shi idonta a rufe, za su likita. Don gaggawa ya kasa buɗe tanki. Na taimaka masa, na zuba, na gyara wa matar mayafinta da ke neman shiga taya. Suna tashi wani ya tsaya. Ina cikin yi masa magana na ji ƙanshin turare.

Rana tsaka ce. Ba lokacinsa ba ne. Na tsaya da mazurari a hannu ina cewa a raina daga wani gida ne. Amma turaren Iya babu mai irinsa a unguwar, ita take haɗa abinta.

Ban yi gudu ba. Ban san dalili ba. Na shiga zaure, na wuce bedin. Tabarmar tana nan, ba kowa a kai.

Tana cikin ɗakin. Ba a bakin ƙofa ba, can ciki, a tsakiyar 'yar hanyar nan, bidoji dama da hagu sun kai mata ƙugu. Tiyon da na bari yana ta zuba, robar ta cika ta tumbatsa, mai ya jiƙa ƙasa har ƙarƙashin ƙafafunta. Sakaina ce a hannunta. Inda ta samo garwashin ban sani ba har yau. Toka ta fara rufe shi, hayaƙin ya ragu, tana dubansa da ɓacin rai.

Na san in na ɗaga murya za ta firgita ta sake shi. Na cire takalmina a bakin ƙofa, na taka cikin man, sanyinsa ya ratsa ni. Na yi mata magana da Barbarci, a hankali, yadda ƙanwarta za ta yi mata.

Na ce, "Yaya, kawo in riƙe miki."

Ta ce, "Wutar tana mutuwa."

"Kawo, zan gyara."

"Ke ba ki iya ba. Ɗakin nan wari yake. Malam ba zai ji daɗi ba."

Ta ɗaga sakainar zuwa bakinta, ta tattara leɓɓanta za ta hura. Tsakanina da ita taku ɗaya ne. Na kifa tafin hannuna na dama a kan garwashin, na danne, na tallafi ƙasan sakainar da na hagu. Iskar bakinta ta sauka a bayan hannuna.

Da baya da baya na fita, don babu wurin juyawa. Ban ji zafi ba sai da na kai tsakar gida na tura hannun cikin randa, da sakainar da komai. Sannan na koma na kamo Iya, na zaunar da ita, na wanke mata ƙafafu, na cire tiyon, na rufe ɗakin. Tana ta yi mini faɗa na ɓata mata turare. Da na gama na zauna kusa da ita, jikina ya kama ɓari, har haƙorana suna haɗuwa. Ta dube ni ta ce zazzaɓi ne, ta cire mayafinta ta rufa mini.

Can sai maigida ya dawo daga jana'iza. Ya tsaya a tsakar gida yana shaƙar iska, sannan ya nemi hannuna, ya taɓa ƙyallen da na naɗe shi da shi, ya zauna a ƙasa. A likita na ce tukunya na kama. Mai wankin ciwon ta dubi hannun, ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Cikin makon muka kwashe man. Wani abokin maigida da ya tafi Libiya yana da kango a bakin gari, ginin da bai kai ga rufi ba, inda rairayi ya fara. Danginsa suka ba mu aro. Aka haƙa rami a ɗaki ɗaya, aka jera bidojin, aka rufe da kwano da buhuna, aka sa ƙofa. Kowace safiya nakan je da amalanke in ɗebo na wuni. Wahalar ta ƙaru, abin da ake samu ya ragu, amma gidan ya huta. Ɗakin Baba muka kwashe ƙasarsa da ta sha mai, muka zuba sabon rairayi, muka bar shi a buɗe har damina ta wuce. Iya ta ci gaba da shiga da kaskonta har ƙafa ta gaza mata. Ta rasu a kan gadonta, wata Juma'a da hantsi.

Hannun ya warke, sai dai yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Da hagu nake riƙe mazurari yanzu. Ina nan cikin sana'ar, don ban sami wadda za ta riƙe gidan kamarta ba.

Gari kuma yana ta matsowa wajen kangon. Da na fara zuwa ba kowa sai awaki. Yanzu an yi gidaje kusa. Wata safiya na zagaya bayan ginin na tarar da duwatsu uku, da toka, da busasshen ganyen shayi, jingine da bangon ɗakin ramin. Na sa hannu, tokar da sauran ɗumi. Samarin sabuwar unguwar ne suka mayar da wurin fadarsu, saboda bangon yana tare musu iska. Na neme su na same su, na gaya musu abin da ke bayan bangon. Yara ne masu ladabi. Suka ce, "Ki yi haƙuri, Mama, ba mu sani ba, ba za a sake ba." Na watsar da duwatsun, na binne tokar.

An yi kwanaki ban ga komai ba. Ranar Lahadin da ta wuce na sake tarar da toka, ɗan nesa kaɗan da wurin farko, da guntun taba guda biyu. Na tambayi samarin, suka rantse ba su ba ne, kuma na yarda da su.