Jinyar Kawu a Yamai

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba kumburin wuyan kawuna ya dawo. An taɓa yanke masa shi, ya yi ta nomansa lafiya, sai ga abu ya sake tasowa a ƙarƙashin muƙamuƙi, har tuwo ya daina wucewa, sai kunu. Likitan Dogon Dutsi ya ce ciwon daji ne, a kai shi Yamai.

Da dangi suka zauna neman mai rakiya, ni na miƙe. Lokacin ina tashen kokawa a Matankari, na bugi ƙirji na ce ko goyo ne zan goya shi har can. Tun kafin mota ta kai Doso na fara amai. Kawu ne ya riƙe mini goshi yana ba fasinja haƙuri.

A asibiti wani likita Bature ya sa tafinta ya yi mana bayani. Ya ce wuƙa ba za ta ƙara amfani ba, amma akwai sabon maganin da ake gwadawa, allura ce ta jijiya. Su ma ba su san ko zai yi ba, yana kuma wahalarwa, in Kawu bai so ba babu tilas. Na fara hura hanci, wai kawuna ba zakaran gwajin dafi ba ne. Kawu ya dafa mini gwiwa.

"Zauna, ɗana. In bai yi mini ba, sai su san abin da za su ba na baya."

Ranar allurar farko na tsaya a kansa don in ƙarfafa masa zuciya. Jini na hawa cikin allurar, ban ƙara sanin inda nake ba. Na farfaɗo a kan tabarma, malamar asibiti tana yi mini fifita, Kawu daga gado yana tambaya ko na ji ciwo. Daga ranar aka hana ni shiga ɗakin allura. Aikina ya koma ɗauko abinci, kuma da yake maganin ya hana Kawu ci, ni nake cinyewa don gudun ɓarna. Gashinsa ya zube, ni kuwa kumatu suka fito.

Kumburin ya ragu ƙwarai. Muka koma gida, duk wanda ya zo gaisuwa sai Kawu ya ba shi labarin sumana, yana dariya a hankali saboda wuyan. Ya ci tuwon sabon gero, ya ga auren autarsa. Bayan girbi ciwon ya sake dawowa, ya ce tafiya ta ishe shi haka. Ya rasu a ɗakinsa kafin ruwan farko, Allah ya ji ƙansa.