Mai Neman Wuta a Ɓawon Gyaɗa

A bayan injin ɓarar gyaɗa, inda ake jibge ɓawo, na tarar da wata mata a durƙushe tana tsince-tsince. Ta doshi hamsin, mayafinta tsaf, amma faratanta baƙi ƙirin kamar na mai sayar da gawayi. Tana ɗaukar ɓawo ta murza, ta sansana, mai danshi ta yar.

"Hajiya, awaki za a kai wa?" in ji mai injin.

"Batir zan yi, ɗana."

Yana dariya, ita kuwa ko a jikinta. Ta ce a ɗakin bincikensu suna gasa ɓawon a rufaffen murhu har ya koma gawayi mai ƙananan ramuka, a ramukan nan lantarki ke samun wurin zama. Sai ga ta ta zaro wani ɗan batirin da suka yi, kamar kwabo, daga jaka, ta haɗa masa waya mai ɗan ƙwan fitila. Ƙwan ya kawo haske.

Ina kallon hannayen nan ina ayyana shekarun da suka yi cikin toka. Wataƙila a gida har an gaji da tambayarta yaushe za a gama. Wataƙila akwai wani asibitin ƙauye a ranta, inda ake karɓar haihuwa da tocilan.

Hasken ya dushe, ya mutu.

"Shi ke nan?" in ji mai injin.

Tana ɗaure bakin buhunta tana murmushi. "Bara ko ƙiftawa bai yi ba. Zo ka ɗora mini."