Katunan Dakta Sallau da Aka Liƙe a Leda

Wata rana da hantsi, a Malumfashi, kofin shayi ya kife a kan tabarmar wani dattijo.

Ba wani abu ba ne. A kowane gida shayi yana zubewa.

Amma a kan wannan tabarmar akwai katuna a shimfiɗe, kuma dattijon ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro.

Sunansa Dakta Sallau, tsohon likitan dabbobi. Wadda ta rugo daga kicin da ludayi a hannu 'yarsa ce, Zuwaira, malamar sakandare, wadda ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta.

Kafin ku gane dalilin kukan, sai kun san katunan.

A farkon shekarun 1970 aka tura shi Amurka ƙaro ilimi. Ya kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa mai suna Marta. Ɗanta guda ne, Jimi, ya tafi yaƙin Vietnam bai dawo ba.

Ranar da Sallau zai dawo gida, tsohuwar ta miƙa masa kwalin takalmi ɗaure da igiya. A ciki akwai katunan da Jimi ya tara tun yana yaro.

Katunan 'yan wasan besbol ne, wasan nan na Amurkawa da ake jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tare da cingam ake sayar da su. Hoton ɗan wasa a gaba, bayaninsa a baya. Yara su tauna cingam, su adana kati. Kowace shekara da irin nata zubin.

Har ya baro ƙasar, Sallau bai gane kan wasan ba. Abin da ya sani shi ne zaman da suke yi da Marta lokacin sanyi, suna jera katunan a kan tebur, tana ba shi labarin ɗanta.

Shekaru suka ja. Ya yi aiki, ya yi ritaya, ya binne matarsa.

Sai yanar ido ta rufe masa gani.

Sai ciwon mantuwa ya biyo baya.

Ya kai ga ba ya gane hanyar banɗaki a gidan da shi ya gina. Yakan tambayi ko matarsa ta dawo daga unguwa. Wani lokaci ya dubi Zuwaira kamar wadda ta shigo gidan bisa kuskure.

Amma da hantsi, idan aka shimfiɗa masa tabarma aka ajiye masa kwalin nan, sai mutumin ya dawo.

Ba da ido yake ganinsu ba. Da yatsa yake gani.

Wannan mai lanƙwasasshen kunne ne. Wannan akwai hudar ƙusa a samansa, Jimi ya taɓa kafa shi a bango. Wannan ɓera ya ɗan gutsure shi a Samaru. Wani kuma sai ya kai hanci, ya ce har yanzu yana jin ƙamshin ɗakin Marta.

Duk ya raɗa musu sunayen Hausa. Akwai Bahago, akwai Mai Kunne, akwai Dogo Sarkin Jifa.

Kuma a wannan zaman ne kawai yake kiranta da sunan da ya saba kiranta tun tana goye, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata, zo ki gaisa da Bahago."

"Baba, ai mun gaisa jiya."

"Jiya daban. Yau ya fi fara'a."

Ƙanwarsa, Gwaggo Indo, idan ta zo ta same shi a haka ba ta iya yin shiru.

"Yaya, sa'o'inka na jan carbi, kai kana raba karta."

"Indo, wadda ba ta taɓa wuce Funtua ba me ta sani? Zauna a koya miki duniya."

Sai ya shiga bayani, tiryan-tiryan, kamar ba shi ne ɗazu ya manta ya karya ba.

Ga na 1948, ƙanana, baƙi da fari. Ga na 1952, manya masu launi. Ga na 1953, kamar da hannu aka zana fuskokin. Ga na 1955, waɗanda aka zagaye hoton da katako kamar akwatin talabijin.

"Masu tara kati a can, kana cewa 1952 sai su cire maka hula. Ni kam a bar ni da 'yan talabijin ɗina."

"Don me, Baba?"

"Su Jimi ya fi taɓawa. Ji gefensu. Laushi kamar tsohon zani."

Zuwaira ba ta damu da Jimi ba, balle besbol. Abin da ta sani ɗaya ne. Muddin katunan nan na hannunsa, tana da uba. Idan an rufe kwali, sai dai ta yi jinyar wani dattijo da bai san ta ba.

To, ranar nan shayi ya zube a kan Mai Kunne.

Katin ya sha ruwa, ya kumbura, bayansa ya saɓule. Ta sa a inuwa, ta danne da littafi, bai dawo daidai ba. Dakta ya ƙi cin abinci ranar. Washegari ma da ƙyar.

Tsoro ya kama ta.

Yau shayi ne. Gobe fa? Ga damina ta kankama, ga rufin ɗakinsa na ɗan yoyo, ga hannunsa kullum ƙara rawa yake. Idan katunan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, me zai rage mata?

Zuwaira mace ce mai tsari. Takardar haihuwar 'ya'yanta, sakamakon jarrabawarta, takardar ɗaukar aiki, har rasit ɗin fili, duk ta kai an yi musu laminetin, wato an liƙe su cikin leda da zafin inji. A wajenmu haka ake girmama takarda. Duk abin da kake ji da shi, ka sa shi a leda.

Ta gaya wa Gwaggo Indo shawarar da ta yanke.

"Yi, 'yar nan. Ku ne masu boko. Ko ba komai a huta da kukan nan."

Ya ɗarsu a ranta ta tambayi mai kayan. Sai ta ce a zuci: ko na gaya masa, kafin azahar ya manta. Gara in yi masa bazata.

Ranar da yayanta Nafi'u ya zo daga Kaduna ya kai Dakta ganin likita a Katsina, ta ɗauki kwalin ta nufi shagon fotokwafi na bakin kasuwa.

Mai shagon, Malam Tukur, ya juya kati ɗaya yana dariya.

"Malama, waɗannan kuma shaidar wace makaranta ce?"

"Ta tsufa ce. Don Allah a yi da kyau."

Ya kuwa yi da kyau. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa. Ya goge ƙura. Ya miƙar da duk kusurwar da ta lanƙwashe. Ya sa kowane kati a ledarsa, inji ya haɗiye, ya fito da shi da ɗumi yana sheƙi. Ya bi gefe da almakashi ya daidaita.

Bahago, Dogo, 'yan talabijin, duk suka fito sumul, babu mai tudu babu mai kwari.

Tsohon kwalin kuwa, da ta ga ƙwan kyankyaso a gindinsa, ta jefa shi a bola ta sayi roba mai murfi.

Ta koma gida zuciyarta fes.

Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da shi, ta ajiye robar a gabansa. Har da kofin shayi kusa da shi, don yanzu ba ta tsoro.

Ya lalubi robar. Ya tsaya.

Ta buɗe masa, ta sa masa kati ɗaya a tafin hannu.

Ya shafa gabansa. Ya shafa bayansa. Ya bi gefen da babban yatsa, a hankali, har ya zagayo. Ya kai hanci.

Ya ajiye. Ya ɗauki wani. Ya ɗauki wani.

"Baba, katunanka ne. Na gyara maka su. Ko a kogi suka faɗa yanzu ba abin da zai same su."

Ya ɗago kai wajen da muryar ta fito.

"Baiwar Allah, kin ga Uwata?"

"Baba, ni ce."

"Idan kin gan ta, ki ce ta zo da sauri. An sace min katuna."

Ta durƙusa. Ta ɗauko Bahago ta ce ga Bahago. Ta ɗauko na 1955 ta karanta masa abin da ke bayansu. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan hudar ƙusar nan, tana ganinta ƙuru-ƙuru ta cikin leda.

Ita ke gani. Shi santsi kawai yake ji.

Ya ture robar da ƙafa.

Ranar ta ɗauki reza ta zauna a bayan ɗaki. Ta tsaga gefen leda ɗaya, ta ja a hankali, tana addu'a. Ledar ta taso, ta taho da fuskar ɗan wasan gaba ɗaya. Abin da ya rage a hannunta kwali ne fari fat.

Ta gwada wani a kan tururin tukunya. Shi ma haka.

Ta koma shagon. Malam Tukur ya girgiza kai.

"Malama, ai abin da ya shiga injin nan ya shiga ke nan. Shi ya sa mutane ke son sa."

Ta je bola neman kwalin. An riga an ƙone.

Nafi'u ya bincika a waya, ya kira ta.

"Zuwaira, kin san masu tara irin katunan nan ko kallon wanda aka liƙe ba sa yi? Da kin tambaye ni."

"Yaya, ni ba ciniki nake ba. Baba nake nema."

Can ya ce zai yi odar irinsu daga waje.

Suka iso, tsofaffi ne kuma na gaske. Dakta ya shafa su, ya ce kati ne kam, amma na wani ne, a mayar wa mai shi kada ya yi ta nema.

Da farko nema yake yi. Ya ɗaga katifa, ya lalubi ƙarƙashin gado, ya zazzage aljihun rigunansa. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi. Ya zargi mai kawo ruwa, ya zargi Gwaggo Indo, har ta fita tana share hawaye da gefen mayafi.

Zuwaira ta ɗauka babu abin da ya kai wannan ciwo.

Sai ya daina nema.

Da hantsi ya zauna a tabarma, yatsunsa na motsi a kan gwiwa kamar mai jera wani abu. Bayan wani lokaci yatsun ma suka tsaya.

Likita ya gaya mata gaskiya iya saninsa. Ya ce ciwon haka yake, gaba yake yi ba ya baya, da katuna da babu katuna wata rana za a zo nan. Ya ce kada ta ɗora wa kanta.

Ta yi masa godiya. Ta san ba ƙarya ya yi ba. Amma ta kuma san wata ranar da yake faɗa, ita ta je bakin kasuwa ta ɗauko ta da hannunta.

Dakta Sallau bai zama mai faɗa ba. Ladabinsa na nan har ƙarshe. Idan ta ba shi kunu a baki, ta goge masa gemu, ta gyara masa filo, sai ya ce:

"Sannu, baiwar Allah. Allah ya yi miki albarka. Ke kuwa 'yar gidan wane ne?"

Kullum sai ta gaya masa.

Kullum sai ya ce, "Allah sarki. Ubanki ya yi dace."

Kafin azumi ya rasu, da rana tsaka, kansa a kan cinyarta, yana gode mata kamar yadda ake gode wa baƙuwa mai kirki.

Darasi:

Zuwaira ba muguwa ba ce. Ba sakarya ba ce. Ƙauna ce ta kai ta shagon nan, kuma da yawanmu da mu ne, abin da za mu yi ke nan.

Kuskurenta ɗaya: ta gyara kayan mutum ba ta tambayi mai kayan ba, don ta yanke cewa ba zai gane ba.

Muna yi wa tsofaffinmu haka kullum. Mu jefar da tsohuwar butar Baba mu sayo sabuwa. Mu kwashe kwanukan Inna mu ce sun cika ɗaki. Mu canja musu gado, mu canja musu ɗaki, mu canja musu gari, sannan mu tsaya jiran godiya.

Abin da kike gani tsufa ne da datti, wataƙila shi ne igiyar da ta rage tana riƙe da shi a duniyar da ya sani. Lanƙwasar nan da kike son miƙarwa, ita ce alamarsa.

Kada garin neman gira a rasa ido.

Ki tambaya. Ko zai manta kafin azahar, ki tambaya. Idan kuma dole sai an gyara, a gwada da guda ɗaya, a sa masa a hannu, a ga abin da fuskarsa za ta ce.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu haƙuri da basirar kula da waɗanda suka rage.

Idan akwai dattijo a gidanku, ko kun san mai jinyar uwa ko uba, ku tura masa wannan kafin ya fara share-sharen ɗaki na gaba.