Shekara bakwai bayan Yaya Sale, da tabon da na yi wa koriyar motarsa

A wannan makon ne Yaya Sale ya cika shekara bakwai da rasuwa. Mun rufe shi a wata maƙabarta da ke gabashin Landan ana yayyafin nan na garin, wanda ba ya jiƙa mutum sharkaf kuma ba ya barin sa ya bushe. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna in rasa ta inda zan kama. Bana na samu, domin na yi masa ɓarna, kuma gara a ji daga bakina.

Yaya Sale ya baro Kano yana saurayi ya zo karatun injiniya, karatu ya ƙare shi kuwa bai koma ba. Ya yi aiki a babbar masana'antar motocin nan ta Dagenham da ke gefen Landan, a sashen feshin fenti, har aka daina haɗa motoci a can, sannan ya koma gyaran manyan motocin haya. Shi ya ɗauko ni daga gida, ya ajiye ni a ɗakinsa, ya tsaya a kaina har na zama mai haɗa magani a asibiti. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi furfura, amma bai daina kira na Auta ba, ko a gaban abokan aikina.

Abin da ya fi ba mu dariya a lamarinsa shi ne, mutumin da ya kwashe kusan shekara ashirin yana fesa wa motocin mutane sabon fenti, tasa motar bai yarda an ɗiga mata ko ɗis ba. Ƙirar Amurka ce ta ƙarshen shekarun sittin, koriya mai duhu, ƙofa biyu, dogon bonet, da inji mai silinda takwas wanda idan aka tayar da shi sai maƙwabta sun leƙo ta taga. Sitiyarinta a hagu yake irin na gida, don haka yakan ce ita kaɗai ce a Landan take tuna masa da hanyar Zariya. A hannun wani tsohon Bature abokin aikinsa ya same ta, lokacin da idon tsohon ya gaza tuƙi. Fentin da ta fito da shi daga masana'anta shi ne a jikinta, ya ɗan koɗe a rufi, ya yi 'yan siraran tsage a bonet.

Mu kuwa an san mu. A wurinmu, idan ana so a girmama abu sabunta shi ake yi. Sallah ta matso, a shafa wa gida farar ƙasa. Za a yi biki, a sake labule a sake kujeru. Don haka ni da matarsa, Yaya Binta, ba mu bar shi ya huta ba. Nakan ce masa, "Yaya, kai da feshi ne sana'arka, a ce motarka ta koɗe haka? Mutane za su ɗauka ba mu da hali ne." Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Auta, ko ni da na iya aikin, in na fesa ta ta zama wata motar. Wanda ya yi wannan fentin ya mutu, kalar ma an daina haɗa irinta. Nawa aikin in wanke."

Wankin kuwa wani abin kallo ne. Kowace Asabar bayan karin kumallo zai tafi garejin da ya kama a bayan gidajen council, wato na hayar hukuma, ya turo ta waje. Bokiti biyu yake ajiyewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada yashin da ya kwaso ya koma ya karce fentin. Daga rufi yake farawa ya gangaro, hannunsa na tafiya a miƙe, ba ya zagayawa. Sabulun wanke-wanke bai taɓa kusantarta ba. Da tsohon rawanin mahaifinmu yake tsane ta, wanda ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga, ya bi lungun rubutun sunanta da buroshin haƙora na yara. Sau biyu a shekara yakan shafa mata kaki da hannu. Da hunturu ba ta fita ko ƙofar gareji, saboda gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe. Ni aikina a lokacin in zauna a kan wata tsohuwar taya ina shan shayi ina yi masa tsiya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Dagenham ta cika da mutanenmu, doya da manja ana samun su a kan layinsa, shi da a da sai ya haye kogi ya je har titin Old Kent Road. Motoci masu lantarki suna wucewa shiru, na tabbata da ya ce waɗannan ba motoci ba ne, firiji ne da taya. An kuma tsananta dokar hayaƙin mota, amma aka ɗaga wa motocin da suka haura shekara arba'in ƙafa. Da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to ga shi hukuma ma ta san darajar tsufa, saura Auta.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Kwana biyu kafin ya cika, a gadon asibiti, ya ce mini, "Ka riƙe motar nan har Zainab ta tashi karɓa. Wanki kawai, Auta." Zainab ita ce 'yarsa tilo, haifaffiyar nan, a lokacin tana jami'a. Bayan sadakar bakwai aka raba tufafinsa kamar yadda aka saba, Yaya Binta ta miƙo mini makullin motar. Na riƙe amanar nan shekara shida da 'yan watanni. Na koyi bokiti biyu, na koyi tsanewa da rawani, har na fara jin haushi idan yaran unguwa suka jingina da ita.

Sai bana aka sa ranar auren Zainab, kuma ni ne waliyyinta. Ta zo ta same ni, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci kamar yadda muka saba, ta ce a motar Babanta take so a kai ta gidan miji. Na ji daɗi sosai. Amma da na koma gareji na dubi motar da idon surukai, mutanen da za su taso takanas daga Abuja, sai lahaninta kawai nake gani. Na ga rufin da ya koɗe, na ga tsagen bonet, na ji kamar ana cewa marainiya ce shi ya sa aka kai ta a tsohuwar mota. Ni a zuciyata gata zan yi wa yarinya, in fitar da marigayi kunya. Ban shawarci kowa ba.

Na tuƙa ta zuwa wurin Alhaji Isaka, mutumin Gana ne ɗan zangon Kumasi, mai gyaran jikin mota a wani lungu bayan Old Kent Road, kuma tsohon abokin Yaya Sale. Na ce masa, "Alhaji, so nake a yi mata feshi gaba ɗaya, kalar nan tata. Ko sai na yi booking ne?" Ya zagaya motar sau ɗaya, ya goge hannu a rigar aikinsa, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Malam Garba, ka yi latti ma. Tun tuni yayanka ya gaya mini, ya ce wata rana Auta zai kawo mota nan a fesa shi. Ya ce in ba ka shayi, in mai da kai gida. Mota nan ni ba na taɓa shi."

Na sha shayin, amma raina a ɓace na koma. Abin ya yi mini ciwo, a ce Yaya tun yana raye ya san zan saɓa masa har ya sa mini mai gadi. Maimakon in ji kunya sai na yi zuciya. Na ce to ba feshi ba, amma ai sheƙi ba laifi ba ne. Na sayo injin goge fenti, irin mai juyawa da soso a baki, na kalli yadda ake yi a waya, na ga abin ba wuya. A gefen baya na hagu na fara, saman taya. Minti biyu na farko fentin ya ɗauki ƙyalli har na ga fuskata, na yi murna na ƙara dannawa. Da na ɗaga injin, soson ya zama kore shar, a jikin motar kuma ga wani wuri mai faɗin tafin hannu ya koma ruwan toka. Fentin da ya haura shekara hamsin, mai sirantaka kamar fatar albasa, na cinye shi har ƙasa kafin shayina ya huce.

Na zauna a kan tayar nan na yi kuka, ni da furfurata. Kwana uku ina neman yadda zan ɓoye, sannan na kira Zainab. Ta zo ranar Lahadi, ta durƙusa ta daɗe tana kallon wurin, ta shafa shi da bayan yatsa. Na gaya mata komai, har da zuwana wurin Alhaji Isaka, sannan na miƙa mata makullin na ce na ci amanar mahaifinta, ban cancanci riƙewa ba. Na so ta yi faɗa ko ta ce babu komai. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓa ta sa a jaka, ta ce za mu yi magana bayan biki. Alhaji Isaka da ya ji labari ya ce zai iya haɗa kala ya rufe wurin kaɗai yadda ba wanda zai gane, Zainab ta ce a gode masa, a bar shi haka.

Asabar biyar na yi ba ni da wurin zuwa. Sai a lokacin na gane cewa duk shekarun nan ba mota nake zuwa wankewa ba, wurin Yayana nake zuwa in zauna. Kabarinsa nakan ziyarta in yi addu'a in tafi, amma a garejin nan ne nake yi masa hira, in ba shi labarin 'ya'yana, in yi masa ƙorafin gwiwata. Yanzu da hannuna na rufe wa kaina ƙofar.

Ranar kai amarya da safe Yaya Binta ta aiko mini da makullin, ta ce amarya ta ce ni zan tuƙa. Bayan la'asar muka tashi daga Dagenham zuwa Abbey Wood, unguwar ango da ke hayin kogi. Sai da aka kwantar da kujerar gaba gwaggwanni biyu suka shiga baya da kyar, suna dafe da ɗaurin kai suna mita, amarya a tsakiyarsu a lulluɓe. Na ji wata daga dangin ango tana tambayar ko ba a samu damar yi wa motar fenti ba ne. Har muka haye kogi Zainab kuka take yi, kuma na san ba na al'ada ba ne, domin har yau kujerun nan ƙanshin turaren Babanta suke yi.

A ƙofar gidan na kashe inji, na fito na buɗe musu, na miƙa mata makullin ta ƙarƙashin mayafi. Sai ta kama hannuna ta naɗe yatsuna a kansa. Da Hausa ta yi maganar, Hausarta mai tuntuɓe wadda ban fi jin ta sau biyar ba a rayuwata. Ta ce, "Baffa, na ga tabon. Amma na shiga ƙarƙashinta da tocila, na duba ko'ina. Shekara bakwai, babu tsatsa ko ɗaya. Flat ɗinmu babu gareji, ka ci gaba da riƙewa. Machine ɗin goge fentin nan kawai za ka ba ni."

Idan na auna abin da Yaya Sale ya bari, gida ne ƙarami, da mota ɗaya, da 'ya ɗaya. Motar ƙarfe ce, wata rana za ta ƙare duk iya wankinmu. Abin da na ga ya wanzu shi ne yadda yake duban abu, ya ga lahaninsa sarai bai kuma jefar da shi ba. Haka ya riƙe ni tun ina yaro mai rawar kai, ya san halina ciki da bai, har ya san ɓarnar da zan yi bayan ransa, amma duk da haka ni ya ba wa amanar. Ban san ya koya wa 'yarsa wannan ba sai da ta gwada a kaina. Allah Ya jiƙan ka Yaya, Ya yafe maka fiye da yadda aka yafe mini. Tabon yana nan inda na yi shi, kuma Asabar mai zuwa zan je garejin in gaya maka da bakina.