Dutsen da Mai-Tabarau ya yi wa matarsa alkawari

A cibiyar binciken taurari Mai-Tabarau ake ce masa, kuma har ya bar aiki ƙaramin ma'aikaci ne. Kullum a kawo masa hotunan sama biyu na wuri ɗaya, ya shimfiɗa su kan tebur mai fitila, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ko akwai ɗigon da ya gusa. Taurari ba sa gusawa a hoto. In ɗigo ya gusa, to dutse ne mai kewaya rana.

Ran nan kuwa ɗigo ya gusa. Aka yi lissafi, aka ce yana cikin tarin duwatsun da ke tsakanin duniyar Mas da Jufita, kuma ba wanda ya riga shi gani. Ya koma gida baki har kunne.

"Sunanki zan sa masa," ya ce wa matarsa.

Ta saki wankin da take yi. "Ikon Allah! Mazan mutane zane suke kawowa, nawa dutse. Dutsen ma a sama!"

Sai dai ƙa'idar aikin, ba a sa suna sai an sake ganin dutsen sau da yawa, an tabbatar da hanyarsa. Lokacin sake ganinsa na yi, injin da ke juya madubin hangen nesa ya tsaya cak. Yau za a gyara, gobe za a gyara. Ba ofishin da Mai-Tabarau bai shiga ba, har takalminsa ya cinye, kowa sai dai ya ba shi haƙuri. Haƙurin me, dutse zai jira mai gyara ne? Ya wuce abinsa, ya ɓace musu shekara da shekaru.

Ita kuwa ba ta fasa tsokana ba. "Maigida, ya labarin dutsena?" Ya yi dariya, amma abin na cinsa a rai. Da tsufa ya zo, ta fara manta inda ta ajiye makulli, ta manta sunayen jikoki, daga baya ta daina tambayar. Wallahi wannan shirun ya fi tsokanar ciwo.

Wata safiya wani tsohon abokin aikinsa ya kira shi: an sake gano dutsen, hanya ta tabbata, shi ake jira ya faɗi suna. Mai-Tabarau ya sami matarsa zaune bakin taga. Ya durƙusa, ya ba ta labari, ya faɗi sunan a hankali, ya maimaita.

Ta yi masa murmushin da ake wa baƙo. "Wace ce ita? Kai, ta yi sa'ar miji. Ka gaishe ta, bawan Allah."

"Za ta ji," ya ce.