Shekarar da Ba Mu Yi wa Kwazazzabo Gayya Ba

Makabartar garinmu tana gabas, bayan gonakin gero, kuma a bayanta akwai wani kwazazzabo da ruwan gonakin arewa duka yake bi idan damina ta sauka. Tun ina ƙarami na san shi yana gatsar gefen makabartar kaɗan-kaɗan. Shi ya sa kowace shekara, kafin ruwan shuka, sai an yi masa gayya. Mai shela zai zaga gari da yamma, washegari da hantsi maza su fito da tsofaffin buhunan taki, a cika su da ƙasa, a jera a gaɓa, a kafa turaku, a dasa jema a bayansu don saiwarta ta riƙe ƙasar. Mata su aiko da kunu. Kafin azahar an gama, kowa ya koma gida da ƙasa har cikin kunne.

Babana ne shugaban wannan gayya. Ba wanda ya naɗa shi, shi dai ya fi kowa sanin inda ruwan yake bugawa. Tun kaka yake tara buhu, yana ninkewa yana cusawa a ƙarƙashin rumbu. Innarmu takan yi masa tsiya, ta ce da tsohon buhu dukiya ne da mun riga kowa zuwa Makka. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da ninki.

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, a layin ƙarshe na gabas aka binne ta, kusa da wata aduwa, don ɓangaren da ke kallon gari ya cika. A ƙasarmu gona tana jingine da gona, ba wanda zai ba ka ko taku biyu ka ƙara makabarta. Ranar sadakar uku Baba ya ja ni muka je. Ya nuna mini wani ɗan fili tsakanin kabarinta da gindin aduwar, ya ce, "Idan tawa ta zo, nan za ku sa ni. Na faɗa maka, kada ka ce ban faɗa ba." Na ce Allah ya ja kwana. Ya ce amin, amma dai in riƙe.

A lokacin ina koyarwa a firamaren garin, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban gari. Dalilin da ya sa aka ba ni bai wuce cewa na iya rubuta wasiƙa da Turanci ba, amma ni sai na ɗauka hankali ne ya fi na kowa. Na yi shekaru ina kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma kan a gina mana magudanar ruwa ta siminti. Masinjan ofishin ayyuka har ya san ƙarar babur ɗina. Kullum amsa ɗaya ce, takardarmu tana kan tebur. Teburin nan dai Allah ya ba shi ƙarfin ɗaukar kaya.

Shekara ta biyu bayan rasuwar Inna muka samu sabon kansila, ɗan mazaɓarmu, mutum mai fara'a da ba zan ce yana da mugun nufi ba. Ya tara mu a gindin darbejiyar ƙofar gidan dagaci, ya ce ya zo da albishir: kwamitin ayyuka zai zaga ƙauyuka kafin damina, kuma sunanmu yana cikin jerin. Sai ya rage murya.

"Amma ku ji gaskiya," in ji shi. "Sau biyu injiniya yana zuwa nan, ya tarar kun jera buhunanku tsaf, ya koma ya rubuta cewa jama'a sun shawo kan matsalar. Ku kuke ɓata wa kanku. Bana ku bar kwazazzabon haka, su gan shi da bakinsa a buɗe."

Baba ya gyara zama a kan buzunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, shi ruwan an sanar da shi kwamiti yana zuwa?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, kunya ce ta kama ni, don gani nake ubana ya nuna ƙauyanci a gaban baƙo. Na miƙe na yi jawabi mai tsawo. Na ce shekara nawa za mu yi muna cika buhu, alhali haƙƙinmu ne a gina mana? Na ce siminti ɗaya ya fi buhu dubu. Samari suka yi ta tafi, waɗanda daman gayyar ta ishe su suka fi kowa. Baba ya ce, "Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni." Aka tsayar da magana cewa bana ba gayya, kuma da hannuna na rubuta hakan a littafin ƙungiya.

Kwamiti bai zo ba. Aka ce ciyaman ya tafi taro Kano. Aka sa wata rana, aka ce motar tana wajen bakanike. Ruwan shuka ya sauka, gero ya tsiro, aka yi noman farko. Duk lokacin da na je sakatariya sai a ce mako mai zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wata Talata. Ina aji wani manomi ya leƙo ta taga ya ce in je in ga babana. Na hau babur na tarar da shi a gaɓar kwazazzabon shi kaɗai, da baro da shebur, ya cika buhu huɗu ya jera su daidai saitin aduwar. Gumi ya jiƙe masa riga. Maimakon in tuɓe tawa rigar in kama masa, sai na hau faɗa a cikin ladabi, irin faɗan da ɗa yake yi wa uba yana sunkuyar da kai.

"Haba Baba, gari ya yanke shawara. Idan aka ga kai ne ka karya, ni wa zai ƙara saurarona?"

"Wajen uwarka kawai zan tare," ya ce. "Sauran na bar wa kwamitinku."

"Idan suka ga buhu ko ɗaya ne, magana ta lalace. Ka yi haƙuri mako ɗaya."

Ya dube ni. Sannan ya miƙo mini shebur ɗin, ya ce, "To, Malam." Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. Na zazzage buhunan huɗu da hannuna, na ninke, na ɗora a baro, na tura masa har gida. A hanya ina ta ba shi labarin yadda magudanar za ta kasance, faɗinta da zurfinta, shi kuwa yana biye da ni a baya.

Ruwan ya zo ranar wata Asabar bayan la'asar. Ba a yi iska ba, ba a yi tsawa mai yawa ba, zuba kawai yake kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita, tun rana ba ta faɗi ba, muka ji ana salati ta gabas. Na fita ba takalmi. Kafin in isa na hango abin da ya faru, don aduwar da nake gani daga nesa babu ita. Gaɓar ta zabtare tun daga tsakiyar layin ƙarshe har kusurwa, ruwa ja yana ta wucewa ta inda kaburburan suke a da. Baba ya riga ni zuwa. Yana tsaye da hannuwansa a baya, yana kallon ruwan.

Washegari maza suka bi kwazazzabon har inda ya faɗa rafi, muna tsintar abin da Allah ya sa muka samu a cikin yashi da saiwoyi. Ba zan bayyana wannan ba. Liman ya sa aka kawo sabon farin yadi, aka haɗa duka aka rufe a rami ɗaya can cikin makabartar. Ba wanda ya san na wane ne a ciki, ba kuma wanda ya san ko akwai na Inna. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba ranar da ta rasu, don ranar rasuwarta ba ni da hannu a ciki.

Bayan kwana tara kwamiti ya iso da motoci biyu. Injiniya ya leƙa ramin ya girgiza kai, ya ce lallai wannan ya kai a kira shi matsala. Suka nemi dattijo ya tsaya a gaɓa ya nuna inda kaburburan suke don a ɗauki hoto, mutane suka tura Baba gaba. Ya tsaya ya miƙa hannu, yatsansa yana nuna sarari. Da za su tafi kansila ya dafa kafaɗata ya yi mini ta'aziyya, kuma na san har zuciyarsa ya yi. Sannan ya ce a hankali, "Amma ka gani, Malam, da sun tarar da buhu da ba su rubuta komai ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Da rani aka kawo siminti da rodi aka gina magudanar, mai kyau, har yau tana nan ba ta tsage ba. Ranar buɗewa aka kira sunana a lasifika, aka ce jajircewata ce ta kawo aikin. Har yanzu idan na wuce majalisa wani yakan ce Allah ya saka da alheri, Malam, kai ka hutar da mu gayya. Sai in ce amin, in ƙara sauri.

Baba bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Na so ya zage ni ko sau ɗaya, da na samu sauƙi. Sau biyu ina zama a gabansa zan nemi gafara, da na fara sai ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ne," ya tambaye ni lafiyar yara. Abin da na lura kawai, ya daina tara buhu. Ranar Juma'a kuma idan ya je ziyara ba ya zuwa wajen ramin da aka haɗa su. Bakin simintin yake zuwa ya tsaya, daidai inda aduwar take a da, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa yana fuskantar magudanar.

Ya rasu bayan damina uku, da kaka, gero yana rumbu. Da safe na bi masu haƙa zuwa makabarta don in nuna wuri, kamar yadda ya kamata babban ɗa ya yi. Babbansu, wani dattijo da suka yi gayya tare da Baba shekara da shekaru, ya dogara da digarsa ya ce, "Malam, ya bar wasiyyar inda za a sa shi?"

Na ce eh, ya bar wasiyya.

"To ina ne?"

Na kai su har bakin simintin. Na dubi inda ya nuna mini ranar sadakar uku, ba komai a wurin sai busasshen yashi a ƙasan magudana da sawun awaki. Dattijon ya bi idona da kallo, ya gane, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ja da baya taku uku daga gaɓar, ya yi bisimilla, ya fara haƙa a nan.